Dabinon Mai Guga

Ɗakin da nake dafa abinci a Darrasa, wata unguwa a Alƙahira, yana hawa na uku, bayan layin masu sayar da littattafai. Falo ɗaya ne, da kicin, da baranda. Nan nake kwana, nan nake tuƙa tuwon shinkafa. Ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar su ne masu ci. Wanda ya dawo daga hutu ya kawo mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ni kuma in yi miya. Ba ni da izinin sayar da abinci. Iƙamata ma, takardar zama a ƙasar, ta daɗe da mutuwa.

Ni Bahaushen Sudan ne. Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya a bakin Nilu, bai ƙarasa ba. Ban yi makaranta ba, sai allo kaɗan. An kama ni a kasuwa, aka sa mini kaki, aka kai ni kudu yaƙi. Na yi shekaru a can, na gudu. Jirgin ruwa ya kawo ni Aswan, jirgin ƙasa ya kawo ni Alƙahira.

Shekarar da nake magana a kai, sojojin Amurka suna Iraƙi, sun shiga sun rasa ta inda za su fita. Ina da ƙaramar talabijin a kan firij. Kullum da yamma gawarwaki ne: waɗanda aka tsamo daga kogi, waɗanda aka tsinta a bayan kasuwa da hannu a ɗaure. Yau a ce 'yan Sunni ne, gobe a ce 'yan Shi'a. Ɗalibai suna ci suna kallo suna gardama.

Mu a gidanmu sadalu muke yi. In mun tsaya salla mukan saki hannu ƙasa, ba ma naɗewa a ƙirji. Haka na ga ubana. Misirawan unguwarmu ƙabalu suke yi, suna naɗewa. Wata rana a ƙaramin masallacin layinmu wani tsoho ya kama hannayena ana cikin salla ya naɗe mini su. Na bari ya saki, na mayar da su inda suke. Daga baya suka gaji suka ƙyale mu, ni da wasu ɗaliban Nijar da wani Bakatsine. Mukan tsaya wuri guda a gefen hagu.

A nan wani mai guga ya same ni. Dogon mutum ne, da furfura a saje, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Ya shigo sahu kusa da ni, ya saki hannu. Da aka yi sallama ya biyo ni har bakin bene. Larabcinsa mai nauyi ne, ba na Masar ba.

Ya ce, "Ya hajji, ku mutanen ina ne?"

Na ce, "Sudan. Asalinmu yamma."

"Haka kuke salla, ba mai taɓa ku?"

"Suna taɓawa. Ba ma fasawa. Malikiyya muke bi."

Ya kalli takalminsa. Ya ce, "Zan riƙa tsayawa kusa da kai."

Ban tambaye shi mazhabarsa ba. Na san su ma 'yan Shi'a sakin hannu suke yi.

Yana aiki a shagon gugar wani Bamisire a ƙarshen layi, yana kwana a bayan tebur. Shi ke kai wa mutane kayansu gida gida, kullum da riguna rataye a kafaɗa. Ya fara hawowa wurina cin abinci. Tuwo bai yi masa ba, amma yana son miyar kuɓewa da burodi. Labarinsa a baranda ya ba ni, muna yankan albasa, kuma sau ɗaya ya faɗa. Yana da shagon wanki a Bagadaza. Shi ɗan Shi'a ne, matarsa 'yar Sunni. Masu bindiga na ɓangarensa suka zo suka ce ya sake ta ko ya bar unguwa. Suka koma unguwar danginta. Can kuma aka ɗauke ƙanensa a shingen hanya saboda sunansa na 'yan Shi'a ne, ba a sake ganinsa ba. Ya kai matar da 'yarsu Siriya wurin gwaggonta, shi ya zo Masar neman aiki. Bizarsa ta ƙare. A lokacin, in aka kai ƙarar baƙo cewa yana yaɗa Shi'anci, jami'an tsaro ne ke zuwa. Wanda ba shi da takarda kuwa jirgi ake sa shi. Shi jirginsa Bagadaza zai sauka.

Na ce, "Wa ya sani bayan ni?"

Ya ce, "Babu."

Na ce, "To a bar shi haka. Miƙo wuƙar."

Manyan masu gardama a ɗakina biyu ne. Ɗaya Bakatsinen nan, dattijo mai tabarau, ana ce masa Dakta ko da yake bai gama digirin ba. Ɗayan ɗan Gombe ne, matashi mai kaifin baki, ya haddace Alƙur'ani, wandonsa a ɗage. Shi ƙabalu yake yi, yana yi wa Dakta tsiya a kan sadalu, amma tire ɗaya suke ci.

Ɗan Gombe yakan nuna talabijin da loma a hannu. "Su fita yau. Yau ɗin nan. Su kwashe tankokinsu su koma inda suka fito."

Dakta ya ce, "Su bar wa wa?"

"Masu ƙasa mana."

"Waɗanne? Masu yankan safe ko masu yankan yamma?"

"Dakta, kai komai sai ka ce a bi a hankali. Shi ya sa shekara da shekaru kana babi na uku."

Aka yi dariya. Dakta ya gyara tabarau. "Ni dai cewa na yi a sa musu lokaci. Su horar da sojan ƙasa, su riƙa janyewa gari bayan gari."

"Wane sojan ƙasa? Duk 'yan Shi'a ne aka sa wa kaki. Su suka buɗe wa kafirai ƙofa. Ranar da Amurka ta juya baya, Iran ta haɗiye ƙasar, Ahlus Sunna sun shiga uku."

"To su zauna ke nan."

"Ban ce su zauna ba."

"Su tafi?"

"Su tafi, amma..."

"Ci tuwonka, ɗana, kafin amma ɗin ta huce."

Wani ɗan Damagaram, wanda bai cika magana ba, ya ce shi a ganinsa a raba ƙasar uku kawai, kowa ya kama nasa, a huta. Suka hau shi da ihu. Can ɗan Gombe ya juyo gare ni.

"Baba, kai da ka ga yaƙi da idonka, me ka ce?"

Na ce, "Garin da aka ajiye mu a kudu, da aka ce mu janye, da safe muka hau mota. Matar da ke sayar mana da shayi tana tsaye a bakin hanya. Mutumin da ke yi mana tafinta yana bin motar da gudu. Ba a tsaya ba. Iyakar abin da na sani ke nan a kan fita."

"To wane ɓangare kake?"

"Ɓangaren wanda zai wanke tiren nan. Yalla, ku gama."

Duk wannan da Hausa ake yi. Mai guga yana zaune a bakin ƙofa da kwanonsa, yana jin ana cewa Iraƙi, ana cewa Shi'a, bai san sauran ba. Ya biyo ni kicin ya tambaye ni me suke faɗa. Na ce wani ya ce a raba ƙasar uku.

Ya ce, "'Yata fa? A wane kashi za a sa ta?"

Na ba shi soso.

Wani lokaci ɗan Gombe yakan juya harshe zuwa Larabcin littafi, ya tambaye shi kai tsaye. "Ya akhi, kai ɗan ƙasa ne. Gaya musu abin da 'yan Shi'a ke yi muku."

Mai guga ya ce, "Ni guga nake yi. Allah ya kawo sauƙi."

Ɗan Gombe ya koma Hausa. "Ban taɓa ganin ɗan Sunnin Iraƙi da ba ya tsine musu ba."

Dakta ya ce, "'Yan Iraƙi nawa ka sani?"

"Wannan ɗaya ya ishe ni kallo."

Azumi ya zo. Da azumi ɗakina cika yake yi, har baranda. Ina dama kunun tsamiya, ina soya ƙosai da wake irin na nan, a shimfiɗa leda a ƙasa a jera dabino. Akwai abin da na sani tun kafin watan ya kama: su 'yan Shi'a ba sa buɗa baki da kiran salla. Sai jan nan na sama ya gushe, duhu ya fara sauka. Tazarar ba ta da yawa. Amma a ɗakin da kowa ya riƙe dabino yana jiran ladan, wanda bai kai hannu baki ba tsirara yake.

Saboda haka na ba shi aiki. Na ce shi zai riƙa zuba wa mutane ruwa da kunu. Da an kira salla sai ya ɗauki jug ya bi layi, ya koma kicin ya cika, ya dawo, ya kwaso ƙosai. Kafin ya gama, sama ta yi duhu. Sai ya sha ruwansa a tsaye a kicin. Ɗalibai suna ta sa masa albarka, wai mutumin nan ya fi kowa neman lada.

Haka muka yi har watan ya raba. Ni ina ganin idon ɗan Gombe yana bin jug ɗin nan.

Ranar da abin ya faru, tun la'asar talabijin take nuna wata unguwar 'yan Sunni da aka shiga. Mata suna kuka a bakin asibiti. Ɗan Gombe bai yi gardama ba ranar. Ya zauna kusa da ƙofar kicin, ba wurin zamansa ba. Ladan ya ɗaga murya. Kowa ya yi bismilla. Mai guga ya fito da jug. Ɗan Gombe ya miƙe ya tare shi, ya karɓe jug ɗin ya ajiye, ya miƙa masa dabino.

Da Larabci ya ce, yadda kowa zai ji, "Kullum kai ke yi mana hidima. Yau kai za ka fara. Sunna ce a gaggauta buɗa baki. Ci."

Ana jin ladanan wasu masallatai suna ƙarasawa. Ta baranda sama ja take.

Na ce da Hausa, "Ba shi jug ɗinsa."

"Baba, dabino ne kawai."

"Na ce ba shi."

Dakta ya ce, "Kai yaro, zauna. Wannan ba tarbiyya ba ce."

Bai zauna ba. Hannunsa yana miƙe. Mai guga ya dubi dabinon, ya dube ni. Ya karɓa. Ya ce bismillah, ya sa a baki, ya tauna, ya haɗiye. Ya tofa ƙwallon a tafin hannunsa.

Na ji wasu sun sauke numfashi. Ɗan Damagaram ya ce, "To shi ke nan, khalas, a ci abinci."

Ɗan Gombe ya yi murmushi. Ya ce, "Taƙiyya."

Kalmar Larabci ce, mai guga ya ji ta. Ma'anarta mutum ya ɓoye addininsa don tsoro. In bai ci ba, ɗan Shi'a ne. Da ya ci, ɗan Shi'a ne mai ɓoyewa. Ya ajiye ƙwallon dabinon a gefen tire, ya ɗauki rigunan da ya rataye a ƙofa, ya sauka. Bai ci komai ba.

Na ɗauke kwanon ɗan Gombe daga gabansa. Na ce, "Je ka ci a inda ake tantance mutane."

Ya ce, "Baba, amana nake kiyayewa. Akwai yara sababbin zuwa a ɗakin nan. Haka suke fara shiga jikin mutane."

Na buɗe masa ƙofa.

Da ya tsaya nan, da abin ya mutu. Bai tsaya ba. Gidanmu yana da bawwab, mai tsaron ƙofa, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai rawani da ke zaune a benci a ƙasan bene. Ɗan Gombe ya same shi ya ce akwai ɗan Shi'a da ke hawa sama, ya hana shi shiga. A tunaninsa iyakarta ke nan. Bawwab bai ma tambaye shi wanne ba. Shekaru yana ganina a masallaci da hannu a sake, ni da Dakta da 'yan Nijar, yana ta mamaki. Yanzu ya samu amsa. Ya kira mai gida ya ce ɗakin baƙaƙen nan wurin taron 'yan Shi'a ne, kullum da magariba suke cika.

Mai gidan tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a unguwar Dokki yake zaune, ba ya zuwa sai farkon wata. Ya zo bayan azahar ina tankaɗe gari, bawwab a bayansa. Bai zauna ba. Ya leƙa kicin, ya leƙa baranda, ya dubi bango ko zai ga hoton malaman Shi'a.

Ya ce, "Na ba ka ɗaki ka kwana. Ka mayar da shi gidan abinci, na kau da kai. Yanzu kuma wannan. Ni ba na son jami'an tsaro a gidana."

Labari ya riga ya zaga. Dakta ya hawo yana haki da wani babban littafi a hammata, ɗan Gombe a bayansa, fuskarsa ta canja. Dakta ya buɗe littafin ya fara nuna wa mai gida inda malaman Malikiyya suka yi maganar sakin hannu.

Mai gida ya ce, "Ya shehi, ni ban zo karatu ba."

Ɗan Gombe ya ce, "Ya hajji, an yi kuskure. Waɗannan Ahlus Sunna ne, na rantse. Mutum ɗaya nake nufi."

"Tamam. Wanne? Ƙanin matata hafsa ne. Ka ba ni sunansa da inda yake kwana, a zo a ɗauke shi shiru, ku ku zauna lafiya."

Ɗan Gombe ya buɗe baki. Na yi masa magana da Hausa, ban ɗaga murya ba.

"Ba shi da takarda. In ka faɗa, jirgi za su sa shi. Ƙanensa ya riga ya tafi a hannun naku. Shi kuma nasu na jiransa saboda matarsa 'yar Sunni ce. Gawarwakin da kake kallo kana cin tuwona, ka riƙa dubawa da kyau, za ka gane shi da tabon hannu."

Mai gida ya ce, "Me yake ce maka?"

Sai ga takun mutum a bene. Mai guga ne, da riguna a kafaɗa, ya kawo wa mutanen hawa na huɗu kayansu. Tun ranar dabino bai shigo wurina ba. Ya ga ƙofa a buɗe, ya ga mutane, ya tsaya cak. Bawwab ya matsa masa hanya, don shi a wurinsa mai kai guga ne kawai.

Mai gida ya ce wa mai guga, "Wuce, ya usta, ba ruwanka."

Bai motsa ba. Ya gane abin da ake yi. Na ga yana shirin magana.

Na ce masa, "Jallabiyata ba ta yi ba tukuna? To tafi. Kana tare wa mutane hanya."

Ya dube ni. Ya hau sama a hankali.

Mai gida ya koma kan ɗan Gombe. "Ina jinka."

Ɗan Gombe ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ban tabbatar ba."

"Ba ka tabbatar ba." Mai gida ya juyo gare ni. "Kai ne mai ɗaki. Ka san masu shigo maka. Wanne ne?"

Na ce, "Ban san kowa da wata salla ba sai irin tawa."

Ya daɗe yana kallona yana jan carbi. Ya ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri. Kafin Salla ka bar mini ɗakina. Wannan ya fi maka 'yan sanda, kai ma ka sani."

Na sani. Na koma kan garin da nake tankaɗewa.

Wani ɗan garinmu ya samo mini ɗaki a Giza, a ƙasa, kusa da layin dogo, cikin 'yan Sudan. Nesa ne da makarantar ɗalibai, sai an hau metro an hau ƙaramar bas. Na san ba za su biyo ni ba, kuma kaɗan ne suka biyo. Daga baya wankin mota na koma.

Ranar tashi na ɗauko akori-kura da la'asar. Dakta ya zo ya tsaya yana ba da umarni, bai ɗauki komai ba. Mai guga ya saɓo tukunyar gas. Bawwab ma ya taya shi saukewa. Ɗan Gombe ya zo ba wanda ya kira shi, ya tsaya a ƙofa.

Ya ce, "Baba, ra'ayina a kansu bai canja ba."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Ɗauki talabijin."

Ya ɗauka. Babu inda za a ajiye ta ba ta fashe ba, sai ya hau bayan mota ya rungume ta a cinya. Mai guga yana ɗaya gefen yana riƙe da tukunyar gas. Ni ina tsakiya a kan katifa.

Cunkoso ya riƙe mu, magariba ta same mu a kan gada. A Alƙahira da azumi samari kan tsaya a hanya suna jefa wa masu mota dabino da ruwa. Wani ya jefo mana ƙulli. Aka kira salla. Na ci, ɗan Gombe ya ci. Na miƙa wa mai guga nasa. Ya karɓa ya riƙe a hannu, ya ɗaga kai yana kallon sama ta kan kogi.

Direba ya leƙo ta taga ya ce masa, "Ya ustaz, an kira salla fa."

Na ce, "Kalli gabanka."

Ɗan Gombe ya ga dabinon a hannunsa. Ya juya kai wajen motocin da ke wucewa, ya gyara riƙon talabijin.

Mai guga ya ƙara watanni a Darrasa, yana tsayawa a gefen hagu tare da 'yan Nijar, har ya tara na jirgi ya tafi Siriya wurin matarsa da 'yarsa. Amma a ranar tashin nan, sai da muka sauka daga gada, jan ya gushe, fitilun titi suka kama, sannan ya ce bismillah ya ci.